Labarin da Babu Mace a Cikinsa, Amma Duk Maganar Mata Ce



A ƙasar Japan akwai wani nau'in labaran zane wanda jarumansa maza ne, soyayyar da ke cikinsa ma tsakanin namiji da namiji ce, amma mafi yawan masu zana shi mata ne, mafi yawan masu sayensa ma mata ne. Japanawa suna kiran labaran zane gaba ɗaya manga, wannan nau'i kuwa suna ce masa yaoi, ko kuma haruffa biyu na boko, BL. Ya shekara hamsin da 'yan kai yana yaɗo, ya tsallaka Sin da Koriya da Tailan, ya kai Turai da Amurka, yau kuma intanet ta kai shi wayar duk yaron da ya iya Turanci ko Faransanci ko Larabci. Mu mazauna zanguna, da waɗannan harsuna 'ya'yanmu ke karatu a makaranta, don haka abin da ke yawo a cikinsu yakan isa gare su kafin labarinsa ya iso kunnenmu.

Mu fara da share fage. Hukuncin addininmu game da mu'amala tsakanin jinsi guda sananne ne ga babba da yaro, kuma ba fatawa ta kawo mu nan ba. Sai dai wanda ya ji labarin ya ce tir ya wuce, zai bar wani abu a baya wanda ya shafe mu kai tsaye. Mata ne suka ƙirƙiro waɗannan littattafai domin guje wa matsayin da al'ummarsu ta ajiye mace a cikinsa. Suka cire mace daga labarin ɗungurungum, suka bar maza biyu a fage, da fatan ganin soyayyar da babu na sama babu na ƙasa. Kafin a je ko'ina sai ga ɗaya daga cikin mazan nan ya koma mace a komai ban da suna: shi ke kuka, shi ke girki, shi ake tilasta wa, shi kuma ake yaba wa haƙuri. A ra'ayinmu, darasin da ya fi saurin shiga zuciyar yarinya daga waɗannan shafuka shi ne cewa so yana tafiya tare da danniya, kuma ba sai an je Japan ake samun wannan darasi ba.

Kafin mu shiga littattafan, sai mu dubi gidan da suka fito. Tun zamanin Sarki Meiji, a ƙarshen ƙarni na 19, hukumar Japan ta tsara wa 'ya mace manufa guda, wato ta zama matar aure tagari kuma uwa mai hikima, a kan wannan ma aka gina makarantun 'yan mata. Dokar iyali ta 1898 ta damƙa ikon gida a hannun shugaban gida, wanda galibi namiji ne: sai da yardarsa ake aure, kuma babban ɗa namiji ke gadonsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsarin mulkin 1947 ya daidaita miji da mata a gaban doka, aka rushe wancan tsari a takarda, amma hali zanen dutse ne. Har yau kalmar da mace kan ambaci mijinta da ita cikin ladabi, shujin, ma'anarta ubangida, wadda kuma miji kan ambaci matarsa da ita, kanai, ma'anarta cikin gida. Bahaushe mai cewa maigida ba zai ji wannan baƙo a kunnensa ba.

A shekarun 1970 da 1980, yarinyar da ta gama makaranta takan sami aiki a ofis, inda rabonta shi ne buga takardu da kai wa maza shayi, kowa kuma na sa ran za ta ajiye aikin ranar da ta yi aure. Akwai wata ba'a da aka yi yayi a lokacin, ana kamanta budurwa da kek ɗin Kirsimeti, wanda ke da daraja har ranar 25 ga wata, bayan nan sai a karya farashinsa. Nufinsu wadda ta haura shekara 25 ba aure ta yi kwantai. Har yau dokar ƙasar tana wajabta wa ma'aurata ɗaukar sunan iyali guda, kuma a kusan kashi 95 cikin 100 na aurarraki mace ce ke barin nata. A 2018 ma asiri ya tonu cewa Jami'ar Likitanci ta Tokiyo ta yi shekaru tana rage makin 'yan mata a jarrabawar shiga, bisa hujjar cewa mata kan bar aikin likita idan sun haihu. Ruwa ba ya tsami banza. A irin wannan gida ne labaran nan suka tsiro.

Kafin 1970, yawancin masu zana wa 'yan mata labarai maza ne, jarumar kuma galibi ƙaramar yarinya ce mai rauni, marainiya ko wadda aka raba da uwarta. Sai ga wasu matasan mata sun shigo fagen, waɗanda daga baya aka riƙa kira Rukunin Shekara ta 24, saboda an haife su kusa da shekara ta 24 ta mulkin Sarki Hirohito, wato 1949. Cikinsu akwai Keiko Takemiya da Moto Hagio, waɗanda suka zauna gida ɗaya a unguwar Oizumi ta birnin Tokiyo. A 1970 Takemiya ta fitar da gajeren labarin da ake ɗauka shi ne mafarin wannan nau'i. A 1974 Hagio ta fitar da Toma no Shinzo, wato Zuciyar Toma, wanda ta kafa a wata makarantar kwana ta maza a Jamus. Daga 1976 zuwa 1984 kuma Takemiya ta zana Kaze to Ki no Uta, wato Waƙar Iska da Itatuwa, wanda ya gudana a kudancin Faransa ta ƙarni na 19, bayan ta shafe shekaru editoci na ƙin karɓarsa. Kada mai karatu ya zaci 'yan bayan fage ne: Takemiya ta shugabanci Jami'ar Kyoto Seika daga 2014 zuwa 2018, Hagio kuma gwamnati ta karrama ta a 2019 saboda hidimarta ga al'adun ƙasar.

To me ya sa matan nan suka zaɓi samari, kuma a ƙasashen nesa? Duk yarinyar da aka sa a labari a lokacin, an san ƙarshenta tun kafin a buɗe shafin farko: ko dai ta yi aure ta shiga ɗakin girki, ko ta kauce ta ji kunya. Idan ita ta fara furta so a ce ba ta da kamun kai, idan ta yi fushi a ce ba ta da tarbiyya, ga kuma tsoron ciki da abin da dangi za su faɗa. Saurayi ba shi da wannan dabaibayi. Yana iya tafiya inda ya so, ya faɗi abin da ke ransa, ya yi kuskure ya tashi. Don haka suka zana samari masu siririn jiki da dogon gashi da manyan idanu, waɗanda da ƙyar ake bambanta su da 'yan mata, domin mai karatu ta sa su kamar rigar aro ta shiga inda aka hana ta shiga. Jamus da Faransa kuma sun ba su nisan da ake bukata, don kada wani ya ce da gidansa ake. Dabarar ba baƙuwa ba ce a can: tun da aka hana mata hawa dandalin wasan kabuki a 1629 maza ke fitowa a matsayin mata, ƙungiyar wasan Takarazuka kuwa, wadda ta fara nuna wasa a 1914, mata ne zalla, wasunsu na fitowa a matsayin maza.

A watan Disamba na 1975 aka buɗe wata kasuwa a Tokiyo mai suna Komiket, inda masu zane don sha'awa ke sayar da littattafan da suka buga da kuɗin aljihunsu. Mutum kusan 700 ne suka halarci zaman farko, a ƙarshen 2019 kuwa waɗanda suka shiga cikin kwana huɗu sun kai 750,000. A irin wannan fage kalmar yaoi ta yi ƙarfi, asalinta kuma ba'a ce da masu zanen suka yi wa kansu, ma'ana labarin da ba shi da ƙololuwa, ba shi da ƙarshe, ba shi da ma'ana. A tsakiyar shekarun 1980 'yan mata suka shiga ɗaukar jarumai daga labaran da aka zana don samari, musamman labarin ƙwallon ƙafar nan Kyaftin Tsubasa, wanda masu kallonsa da Larabci suka sani da Kyaftin Majid, masu Faransanci kuma da Olive et Tom, suna ƙirƙira musu soyayyar da mai labarin bai taɓa rubutawa ba. Da kamfanonin ɗab'i suka ga kasuwa, sai suka shigo a farkon shekarun 1990 da mujallu na musamman, abin ya sami ƙa'idoji kamar kowace haja.

Babbar ƙa'idar ita ce rabon jaruman biyu zuwa seme da uke. Seme ya samo asali daga kalmar kai hari, uke daga kalmar karɓa, duka biyun kuma ana amfani da su a wasannin kokawa da takobi na ƙasar. Ko mutum bai iya karanta harafi ɗaya na Japananci ba, da ya ga bangon littafi zai gane wane ne wane. Seme dogo ne, mai faɗin kafaɗa da manyan hannaye da ƙananan idanu masu kaifi, galibi ya girmi ɗayan, ya kuma fi shi dukiya ko muƙami: shugaban kamfani, ko likita, ko jagoran 'yan daba. Ba ya yawan magana, ba ya kuka, kishinsa mai tsanani ne. Uke gajere ne siriri, idanunsa manya cike da ƙwalla, fuskarsa na ja don kunya. Sau da yawa shi ne mai girki da shara, shi ne mai jira a gida, shi ake ceto daga hannun mugaye. Har wajen rubuta sunayensu akwai tsari, na seme ke zuwa farko, masu karatu kuma kan yi rigima mai zafi idan wani ya juya jerin.

A nan ne aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Matan da suka fara wannan tafiya sun gaji da labarin da ƙarfi ke gefe guda, haƙuri ke ɗaya gefen. Suka sami fili fetal, babu dokar Meiji, babu surukai, babu mai cewa ga aikin mace ga na namiji, jaruman biyu kuma halittarsu ɗaya. Duk da haka kasuwa da masu karatu suka sake gina tsohon gidan yadda yake, aka sa wa maigida suna seme, matar gida kuma uke. An canja wa tuwo suna ke nan. Wannan ya nuna mana cewa rabon nan na mai danna da wanda ake dannewa a cikin kai yake zaune, wanda ya tashi da shi kuma zai iya ɗora shi a kan kowane irin jiki.

Su kuwa matan da kan leƙo cikin labaran, rabonsu ya fi muni. Sau da yawa ko dai tsohuwar budurwa ce mai makirci, ko uwa mai matsa wa ɗanta ya yi aure, ko wata mai neman shiga tsakani wadda za a wulaƙanta a kora. Mun saba cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ga littattafan da mata suka zana wa mata, mace a cikinsu ta zama cikas. Masu karatun ma sun karɓi laƙabin fujoshi, wasa da kalmar da asali ke nufin mata, aka sauya harafi ɗaya ta koma ruɓaɓɓun mata. Cikin raha suke faɗarsa, amma wadda ta kira kanta ruɓaɓɓiya ta san ma'aunin da ake auna ta da shi.

Abin da ya fi damun mu shi ne wani salo da ya yi ta maimaituwa, musamman a littattafan shekarun 1990 da farkon 2000, wanda masu nazari na Japan ɗin da kansu suka yi ta magana a kai. Seme yakan afka wa uke da ƙarfi, uke na kuka yana cewa a'a. Bayan 'yan shafuka sai labarin ya bayyana cewa tsananin so ne ya sa seme ya kasa riƙe kansa, uke kuma ya gano ashe shi ma yana so tun farko. Babu hukunci, wani lokaci ko ban haƙuri babu, a ƙarshe su zauna lafiya. 'Yar shekara goma sha biyar da ta bi irin wannan labari sau ɗari, abin da za ta haddace shi ne cewa kishi mai tsanani alamar so ce, kulle mutum a ɗaki kulawa ce, kuma a'a amsa ce da ba a tsayawa a kanta. A rayuwarta ta gaskiya kuwa, wurin uke al'umma ta tanadar mata.

Wannan salo yana da tushe a dokar ƙasar kanta. Dokar laifuka ta Japan, wadda aka rubuta a 1907, ta shekara 110 ba ta amince ana iya yi wa namiji fyaɗe ba, sai a 2017 aka gyara. Har zuwa 2023, wadda aka zalunta sai an tabbatar wa kotu cewa an yi mata ƙarfi ko barazana, ko ba ta cikin halin da za ta iya kare kanta. Faɗin a'a kaɗai bai isa ba. A 2019, bayan kotuna sun sallami waɗanda ake tuhuma a shari'o'i da dama cikin wata guda, mata suka fara taruwa a birane riƙe da furanni ranar 11 ga kowane wata. Sai a 2023 majalisa ta mayar da rashin yarda ginshiƙin laifin, ta kuma ɗaga shekarun da doka ke karɓar yardar yaro ko yarinya daga 13 zuwa 16. Al'ummar da dokarta ta daɗe ba ta jin a'a, ba abin mamaki ba ne labaranta ma su kasa ji.

Wani abin lura, cikin waɗanda suka soki littattafan da kakkausar murya akwai mazan da ake zaton labarinsu ake bayarwa. A 1992 wani mai fafutuka cikinsu, Masaki Sato, ya yi rubutu a wata ƙaramar mujallar mata mai suna Choisir, yana ƙorafin cewa zane-zanen ba su san komai game da rayuwarsu ba, an mayar da su kayan kallo ne kawai. Muhawarar ta ɗauki shekaru. Amsar da wasu matan suka ba shi ita ce, dama ba da shi suke ba, jarumansu ba mazan duniyar nan ba ne. Wannan amsa ta tabbatar da abin da muka faɗa tun farko, cewa maganar mata ce aka sa a bakin maza.

Adalci ya wajabta mu kawo hujjar masu kare littattafan. Suna cewa mace baliga ta san bambancin mafarki da gaskiya, kamar yadda mai kallon fim ɗin yaƙi ba ya fita ya harbi maƙwabcinsa. Suna cewa a nan mace ta sami damar zama mai kallo maimakon abin kallo, tana ma iya sa kanta a matsayin seme ta ɗanɗana ikon da aka hana ta, kuma ganin zalunci ya sauka a jikin da ba irin nata ba yana ba ta damar duban abin da take tsoro daga nesa. Akwai gaskiya cikin wannan, ba mu kuma raina hankalin matan Japan ba. Amma hujjar ta baliga ce, wayar hannu kuwa ba ta tambayar shekaru. Sannan ko da mace ta ari rigar seme na awa ɗaya, tsarin yana nan daram. Har yanzu sai an sami wanda za a danne kafin labari ya yi daɗi.

Gaskiya ne kuma abin bai tsaya wuri ɗaya ba. Daga shekarun 2000 an sami masu zane da suka ƙi bin ƙa'idar, suka zana mutane biyu masu sana'a, masu tsufa, masu rabon hidimar gida. Fumi Yoshinaga, wadda ta fito daga wannan fage, ta zana Ooku daga 2004 zuwa 2020, inda ta ƙaddara cewa wata annoba ta kashe yawancin mazan Japan a zamanin gidan Tokugawa, mata suka hau gadon mulki, aka tara maza a cikin gidan sarauta kamar ƙwaraƙwarai. Matan da suka sami iko a labarin sun yi duk abin da masu iko ke yi, alheri da sharri. Sai dai a daidai lokacin, wani salo ya shigo daga marubutan intanet masu Turanci ya yi kasuwa a Japan, inda ake raba mutane tun haihuwa zuwa masu mulki da waɗanda ake mulka, har namijin da ke ƙasa yana ɗaukar ciki ya haihu. Abin da Rukunin Shekara ta 24 suka guda ya dawo ta ɓarauniyar hanya, wannan karon ma an ce halitta ce, ba mai iya sauya ta.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma muna da adabin da mata ke rubuta wa mata. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980 sun iso zangunanmu cikin kayan fatake da 'yan ziyara, yau kuma ana karanta magadansu a WhatsApp, ana saurarensu a YouTube. Cikinsu akwai na ƙwarai. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, da Alhaki Kuykuyo Ne a kan magidancin da ya wulaƙanta uwar 'ya'yansa, kuma a duka biyun ba a yi wa zalunci kwalliya ba. Amma duk mai bibiyar abin da ke yawo a waya yanzu ya san wani salo da ya yi yawa: attajiri ko soja miskili wanda ba ya dariya, yarinya ƙarama 'yar talakawa mai yawan kuka, auren da ba ta so, daren da aka yi mata ƙarfi har ta kwanta jinya, sannan a hankali ya faɗa sonta, ita kuma ta yafe, a rufe littafi da tagwaye da sabuwar mota. Idan aka cire sunayen aka sa seme da uke, ba abin da zai sauya.

Mu da muke zama a zauren shugabannin al'umma inda ake sasanta ma'aurata, mun san wannan labari ba ya ƙarewa yadda littafi ke ƙare shi. Wanda ya fara da duka da kulle ba ya wayar gari da tausayi don kawai matarsa ta yi haƙuri. Yawanci abin gaba yake yi, a ƙasar da muke 'yan tsiraru kuma mace kan haɗiye kukanta don kada a ce ta tona asirin jama'arta a gaban hukuma. Abin takaici, addinin da muke taƙama da shi bai koyar da wannan ba. Ya yi umarnin neman yardar mace kafin a aurar da ita, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Ya tabbata kuma cewa yana taya iyalinsa aikin gida, bai taɓa dukan mace ba. Shugabancin da aka ɗora wa namiji nauyi ne na ciyarwa da kyautatawa wanda za a tambaye shi a kansa. Mayar da shi hujjar danniya aikin al'ada ne, ko a Tokiyo ko a zango.

To mene ne abin yi? Ƙwace da ƙonawa an gwada. A 2007 a Kano an cinna wa littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata wuta a bainar jama'a, amma daga baya labaran suka koma waya inda babu mai iya ƙona su. Abin da ya fi amfani shi ne iyaye su san abin da suke gani. Uwar da ta ga haruffan BL ko kalmar yaoi a wayar 'yarta, ta sani ba kowane zane ne na yara ba. Ta zaunar da ita ba tare da tsawa ba, ta faɗa mata matsayin addini, sannan ta yi mata tambayoyin da za su amfane ta har a gidan aurenta: wa ya ce a'a a wannan labari, kuma me ya faru da ya faɗa? Wa ke kuka, wa ke ba da haƙuri? Da ƙanwarki aka yi wa haka, za ki kira shi so? Waɗannan tambayoyi su ne dai za a yi wa littafin Hausa da ke wayar uwar ita kanta. Samari ma a zaunar da su, domin su ne ake koya wa cewa cikakken namiji shi ne wanda ba ya neman izini, ba ya ban haƙuri.

Ga marubutanmu kuma, musamman matasan zango da ke riƙe da Hausa a inda take gogayya da manyan harsunan makaranta, akwai aiki a gabansu. 'Yan matan Japan sun tafi har Jamus da Faransa cikin mafarki suna neman labarin da za a so mutum ba tare da an murƙushe shi ba, shekara hamsin kuma ba su gama samunsa ba, domin sun cire mace sun bar tsarin. Marubucinmu ba ya bukatar wannan doguwar hanya. Ya bar mace a labarinsa da sunanta da sana'arta da ra'ayinta, ya ba ta mijin da ke jin maganarta, ya kuma nuna cewa zaman irin waɗannan mutum biyu yana da nasa rikici da nasa daɗi da za su riƙe mai karatu har shafin ƙarshe. Yarinyar da ta sami wannan da harshen uwarta ba za ta riƙa yawo a shafukan wasu tana neman rigar aro ba.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya tausayi a gidajenmu. Wassalamu alaikum.